Me ya sa fayil ke jan ƙafa tsakanin kwamfutocin ofis ɗaya?

A ƙananan ofisoshin 'yan uwanmu masu hidimar alhazai da 'yan Umara a Makka da Jidda, da zarar kwafar fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan ta yi nauyi, sai a ɗora wa kamfanin intanet laifi, har a ƙara kuɗin wata. Ɓarnar riyal ce kawai. Fayil ɗin ba ya leƙa waje, iyakarsa kebul da akwatin da ke rarraba layi, wato rauta ko suwici.

Daga nan za ka fara. A Windows, shiga Settings, sashen Network, ka danna Ethernet ka duba gudun haɗin. In ka ga megabit 100 a daƙiƙa maimakon 1000, to ka kama ɓarawon. Layin 1000 sai da duka siraran wayoyi 8 da ke cikin kebul. Ɗaya ta tsinke ko bakin ya saki, na'urorin na iya saukowa 100 shiru, ba gargaɗi. Kebul ɗin da ƙofa ke dannewa kullum, ko wanda aka bi da shi ta saman bene yana shan rana, shi za ka fara zargi. Sauya shi da kebul nau'in Cat5e ko Cat6, kada tsawonsa ya haura mita 100. Sannan ka juya suwicin ka karanta: in 10/100 aka rubuta, sabon kebul ba zai tsinana komai ba.

Wasu kuma lissafi ne ke ruɗa su. Gudun layi da megabit ake faɗa, tagar kwafi kuwa megabayit take nunawa, sai an raba da 8. Wanda ke ganin megabayit 110 a daƙiƙa ya bar injiniya ya huta, layin 1000 ɗinsa lafiya lau.

Wi-Fi fa? Kwamfutoci biyu a kansa, fayil sai ya bi iska sau biyu, zuwa rauta sannan zuwa ɗayar kwamfutar, ga bangon siminti, ga rautocin maƙwabta cunkushe a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz. Koma zangon 5 GHz, ko ka ja wa ɗaya kebul.

Wanda ya fi cin mutane lokacin aikin Hajji shi ne tura hotunan fasfo dubbai a warwatse. Kowane ɗan fayil sai an buɗe, an rubuta, an rufe kafin na gaba. Dunƙule su a zip guda, wato fayil ɗaya da ya ƙunshe su duka, ka tura. In duk da haka shiru, duba ma'ajiyar kwamfutar da ke karɓa: tsohon hard disk mai juyawa ba ya son ƙananan fayiloli, SSD, wato ma'ajiyar da ba ta juyawa, ne maganinsa.