Kafin ka sayi jak ɗin jan maraƙi, duba waɗannan abubuwan

Mu masu ajiye shanu a gefen Legas, irin su Ikorodu da Epe da Badagry da bayan Agege, matsalarmu ɗaya ce in saniya ta tashi haihuwa abu ya ƙi: likitan dabbobi yana nan, amma kafin ya ratso gosulo ya iso gonarka lokaci ya tafi, maraƙin da ya maƙale kuma ba ya jiran kowa. Ga shi da yawanmu a Oko-Oba ko Alaba Rago muke sayen saniya daga saukar tirela, sai daga baya a gane ashe da ciki ta zo, ba ka san wane bijimi ya hau ta ba balle ka san girman abin da ke cikin. Wasu kuma yanzu suna sa a yi wa ƙananan karsanan Bunaji baye na allura da irin shanun Turai na Friesian don neman madara, toh ɗan yakan zo da girma ƙugun uwar kuma bai gama buɗewa ba. Shi ya sa mutane ke ta tambayar wane jak za su saya.

Ni dai a ganina jak shi ne na ƙarshe a layi. Abin da za ka fara mallaka igiya ce guda biyu ta ƙafa, mai laushi mai faɗi irin ta nailan da aka yi don wannan aikin, da wata ɗaya ta kai. Siririyar igiyar shanya ko ta ɗaurin buhu dan Allah a bar ta, yanka fatar maraƙi take yi har ta kai ga jijiya. Akwai kuma sarƙa ta haihuwa da ake haɗa ta da mariƙi guda biyu, ita ta fi sauƙin wankewa don za ka iya tafasa ta, ba ta riƙe datti kamar igiya, amma a hannun wanda bai saba ba ta fi saurin karya ƙashi. In kai sabo ne ɗauki igiya. In sarƙa kake so nemi wadda ba ta tsatsa, don danshin garin nan da iskar bakin ruwa ba sa barin ƙarfe ya zauna lafiya, damina ɗaya ta isa ta lalata mai araha.

Sai man santsi, wanda mutane ke rainawa alhali shi ke yin rabin aikin. Na shagon magungunan dabbobi ya fi, a sayi babbar gora a zuba ba rowa. Ruwan omo da sabulun wanki a'a, suna wanke santsin da jikin saniyar ya kawo da kansa sai wajen ya bushe ya kumbura. Sabulu na wanke hannunka ne da bayan saniya kafin ka fara. Sannan safar hannu doguwa mai kaiwa kafaɗa, wannan kuma don kanka ne ɗan'uwa, ciwon bakkale da ke sa shanu ɓari yana kama mutum ta ruwan haihuwa, zazzaɓi ya riƙa tafiya yana dawowa kana ta shan maganin maleriya a banza.

Toh yanzu jak. Dogon ƙarfe ne mai wani maƙalli da ke zama a bayan cinyoyin saniya, da hannu da ake bugawa yana jan igiyar kaɗan kaɗan. Amfaninsa na gaskiya shi ne ga mutum ɗaya da dare ba mai taya shi, yana riƙe maka abin da ka riga ka jawo kada ya koma ciki. Haɗarinsa kuma ƙarfi ne, domin yana iya ja da nauyin da ya kai kilo 400, alhali ƙa'idar likitoci ita ce kada a wuce ƙarfin maza biyu suna ja da hannu. Abin da maza biyu suka kasa fitarwa, jak zai fitar da shi amma da karyayyen haƙarƙari, ko saniyar ta yage ko ta kasa tashi.

In za ka saya, fara duba maƙallin bayan. Yawancin waɗanda ake shigowa da su, irin Vink na ƙasar Holan, an auna su ne da manyan shanun Turai masu faɗin baya, Bunaji da Bokolo bayansu ya fi tsukewa, Muturu ta nan kudu kuwa ba a ma maganarta. Maƙallin da ya yi mata yawa zamewa zai riƙa yi kana tsakiyar aiki, saboda haka nemi wanda ake iya ragewa da ƙarawa. Sai yadda yake ja: akwai mai jan ƙafafu biyu lokaci ɗaya, akwai mai jan wannan sannan wancan. Na biyun ya fi, don kafaɗun maraƙi in suka zo a tare sun fi faɗi, in ɗaya ta riga ɗaya sai su sulale. Tsawo ma ka kula, gajere zai ƙare maka maraƙi na rabi ciki rabi waje, wanda ya kai mita 1.8 ya fi kwanciyar hankali. Abin da na fi ba muhimmanci kuwa shi ne sakin gaggawa, wato in saniya ta faɗi ko ta juya ka iya sassauta igiyar nan take da hannu ɗaya. Ka gwada shi a shagon kafin ka biya, ka ɗaura igiya a jikin wani abu ka ja ka saki ka gani. Wanda mai walda ya haɗa a unguwa galibi nan yake gazawa, ja yake yi amma ba ya saki.

Jak ɗin mota, ko ɗaure igiya a babur ko keke napep a ja, wallahi ana yi kuma kisa ne kawai.

Kayan duk ba su da amfani in ba ka san lokacin taɓa su ba. Saniya tana ɗaukar ciki wata 9 da 'yan kwanaki, wajen kwana 283. In faya ta fito tana yunƙuri sosai aka yi minti 30 zuwa awa 1 ba wani ci gaba, lokacin sa hannu ya yi, karsana mai haihuwar fari a ɗan ƙara mata haƙuri. Ka wanke, ka sa safa, ka shafa mai, ka laluba. Daidai shi ne ƙafafun gaba biyu da hanci kwance a kansu, tafin kofato na kallon ƙasa. In tafin na kallon sama mai yiwuwa da baya ya zo. Don ka tabbatar, lanƙwasa gaɓoɓi biyu na farko: a ƙafar gaba gefe ɗaya suke lanƙwashewa, a ta baya kuwa ɗaya nan ɗaya can. Wannan gwajin shi zai hana ka jan ƙafar gaba ɗaya da ta baya ɗaya. In kai ya juya baya ko ƙafa ɗaya ta naɗe, sai an tura maraƙin ciki an gyara kafin a ja komai, kuma kada wani ya ce maka a yi mata allurar naƙuda a wannan halin, mahaifa na iya fashewa.

Ɗaurin igiya: zarge ɗaya a saman gaɓar da ke bisa kofato, sannan ka sake zagayawa sau ɗaya a ƙasanta, nauyin ya rabu biyu. Zarge ɗaya tal shi ke karya ƙafa. Ka ja lokacin da take yunƙuri, in ta huta ka huta, ƙafa ɗaya sannan ɗayar. Da kai da kafaɗu sun fito sai ka karkatar da jan ƙasa wajen ƙafafun uwar, ka ɗan murɗa maraƙin gefe don ƙugunsa ya samu inda ya fi faɗi. Wanda ya zo da baya kuwa da zarar ƙugunsa ya fito ba a tsayawa, cibiya ta matse, numfashi zai nema alhali kansa na ciki.

Akwai awo ɗaya da zai gaya maka ko jak zai yi ko ba zai yi ba. In mutum biyu sun ja da hannu amma gaɓoɓin saman kofaton nan biyu sun kasa fitowa waje da kamar faɗin tafin hannu, ko ƙafafun suna gicciye juna, ɗan ya fi ƙarfin ƙugun, aikin tiyata ne. Don haka ka kira likita tun lokacin da ka fara sa hannu, ya kamo hanya kana aiki, in ka gama kafin ya iso sai ya duba ko ta yage ko akwai na biyu a ciki. A jakar kayan ka haɗa da aidin na cibiya da kwalbar ba da dakashi, in an gama a wanke igiya da sarƙa da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanya su bushe sosai kafin a mayar, jak ɗin kuma a shafa masa mai a rataye shi inda ruwa ba ya taɓawa.