Iyakar gudu da tarar kyamara a Legas: abin da direban motar kaya ya kamata ya riƙe

Direban da ke ɗaukar kaya daga Mile 12 zuwa Obalende, ko daga Alaba Rago zuwa Agege, yana aiki ne ƙarƙashin dokoki biyu a lokaci ɗaya: ta tarayya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ke kula da ita, da ta jihar Legas, wadda ke hannun LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, da VIS, hukumar duba lafiyar motoci da takardunsu. Yawancin waɗanda tarar gudu ke faɗa wa ba 'yan ganganci ba ne. Lamba ɗaya suka haddace, kilomita 100, suna tafiya da ita ko'ina. Alhali wannan lambar ta ƙaramar motar gida ce a kan babban titi mai hannu biyu a rabe, ba ta motar haya ko ta kaya ba.

Ga yadda kundin dokokin hanya na Najeriya ya raba abin. A cikin gari, inda akwai gidaje da kasuwanni da masu tsallaka titi, iyaka kilomita 50 ce a awa ga ƙaramar mota, tasi da bas. A babbar hanya ta tsakanin garuruwa, 80. A babban titi irin na Legas zuwa Ibadan, motar gida tana da 100, tasi da bas kuwa 90. Tirela da tanka suna ƙasa da haka sosai: 45 a gari, 50 a babbar hanya, 60 a babban titi. Motar da ke janye da wata 45 ce a ko'ina. Idan kana tuƙa Hiace, ko J5, ko Sienna da aka cire wa kujeru ana lodin kaya, ka sa kanka a layin tasi da bas. Mota ce ta neman kuɗi, haka jami'i zai ɗauke ta, saboda haka 90 ce ƙarshenka ko da titin ya buɗe.

Sai dai allon gefen titi yana gaba da wannan jadawalin. Farin allo mai zagaye da jan baki, da lamba a tsakiya, umarni ne, ba shawara ba. In jadawali ya ba ka 90 amma allo ya ce 80, to 80 ɗin za ka bi. Kullum ka ɗauki mafi ƙanƙanta a cikin biyun.

A watan Fabrairun 2025 Ma'aikatar Sufuri ta jihar Legas ta sanar da kyamarorin auna gudu a Alapere, inda iyaka take 80, da kuma daidai NITEL a kan titin Mobolaji Bank Anthony a Ikeja, inda take 60. Tarar da aka sanar ga wanda ya wuce iyaka naira 50,000 ce, ta tsallake jar danja kuma naira 20,000. Gadar Third Mainland ita ma 80 ce. Alapere kuwa hanyar yau da kullum ce ga duk mai fitowa daga Mile 12 da Ketu zuwa cikin gari, musamman da asuba, lokacin da titi ba kowa kuma ƙafa take nauyi a kan totur. Babu wanda zai tsayar da kai a wurin. Kyamara ta ɗauki lambar motar, saƙo ya tafi wayar wanda aka yi rajista da sunansa. Ba a yin ciniki da ita, kuma in ka bi ta wurin sau uku da gudu, laifi uku ka yi.

Ka yi lissafin gadar da kanka. Tsawonta kilomita 11.8. Da gudun 80 za ka ƙetare ta cikin kusan minti tara, da gudun 100 cikin minti bakwai da ɗan ɗoriya. Ribar ba ta kai minti biyu ba, kuma cunkoson Adeniji ko na Oworonshoki, a bakunan gadar, zai cinye ta nan take. A kan wannan ne mutum zai sa kuɗin lodi da yawa cikin haɗari.

Akwai tarkon da ke kama mutanen kirki da dama, wato malejin motar da aka shigo da ita daga Amurka. Manyan lambobin da ke jikinsa na mil ne, kilomita su ne ƙananan da ke ciki. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. Allura a kan 50 tana nufin kilomita 80. A kan 60, kana dab da 97. In kana son kilomita 60, allura ta tsaya wajen 37. Kilomita 50 kuwa wajen 31. Direban da ya ga allon 80 ya kai allurarsa kan babban 80 yana gudun kusan kilomita 129 ne bai sani ba. Duba fuskar malejin: in an rubuta MPH da manyan baƙaƙe, ka manna ɗan farin salatif a kan 31, 37 da 50, idonka ya saba da su.

Taya ma tana sa maleji ƙarya. Yana lissafi ne da yawan juyawar ƙafa, don haka in aka sa tayar da ta fi ta asali tsawo, kamar yadda masu lodi ke yi don mota ta ɗaga, zai riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi. Gwajin ba wuya: a miƙaƙƙen titi, yaron mota ya buɗe manhajar taswira mai nuna gudu a waya, kai ka riƙe allura a wuri ɗaya na ɗan lokaci, ya faɗa maka bambancin. In malejin ya mutu gaba ɗaya, a kai wa mai wayarin. Sau da yawa na'urar da ke jikin giyabos ce ko wayarta ta tsinke. Tuƙi da kunne, ana auna gudu da ƙarar inji, ba ya aiki a titin da kyamara ke ƙirga kilomita ɗaya-ɗaya.

Motocin haya da na kamfani kuma doka ta ɗora musu na'urar taƙaita gudu, wadda FRSC ta fara tilastawa gadan-gadan ranar 1 ga Fabrairu, 2017. Tana rage man da ke zuwa inji da zarar mota ta kai iyakar da aka saita. A sa ta wurin dillalin da hukumar ta amince da shi, a karɓi takardar shaida a ajiye cikin mota. Amma ka sani, ita iyakar sama kawai take tsarewa. Na'urar da aka saita don babban titi ba za ta hana ka yin 75 a inda allo ya ce 60 ba.

Me ya sa aka rage wa motar kaya gudu? Nauyi. A gudun 80 mota tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kafin ma ƙafarka ta bar totur ta sauka kan birki. In gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata yana ninkawa sau huɗu. Ƙara buhunan albasa ko kwandunan tumatir har rufi, sai birki ya yi zafi ya rage kamu, bayan mota ya zauna, gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sako-sako. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, a gaban ƙafar baya, a ɗaure su don kada su zame a kwana. Tayar motar kaya ita ce mai harafin C bayan lambar girmanta. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022, kuma FRSC tana ɗaukar shekara huɗu a matsayin wa'adinta. A duba iska da safe kafin taya ta ɗau zafi. Tsakaninka da na gabanka ka bar daƙiƙa uku in kana da lodi, huɗu ko fiye in ana ruwa, wanda a Legas ba baƙon abu ba ne. Ka riƙe hannun dama, hagu na wucewa ne.

In saƙon tara ya shigo, kada ka danna duk wani adireshi da ke ciki kai tsaye, domin 'yan damfara suna kwaikwayon irin waɗannan saƙonni. Shiga payvis.ng da kanka, rubuta lambar motar, ka ga laifin da rana da wurin. In daidai ne, ka biya ta nan ko ta banki ka adana rasit. Kuɗin tara ba ya shiga asusun mutum, kowane ne shi. In ranar da aka ambata motarka tana gareji ko tana Kano, ka tattara shaidarka ka kai koke ofishin VIS da wuri, don akwai masu yawo da lambar jabu. Share saƙon ba ya share bashin. Yana nan a kan lambar har ranar da za ka je sabunta takardu.

Wannan ya shafi masu mota fiye da direbobi. Wanda ya sayar da mota bai yi canjin suna ba, tarar sabon mai ita za ta riƙa zuwa masa. Wanda ya saya bai canza ba, ba zai ga saƙo ba sai bashi ya taru. Kafin ka biya kuɗin mota mai lambar Legas, duba lambar a shafin. Maigidan da ke da motoci biyu ko uku ya ajiye littafi: wane direba, wace mota, ƙarfe nawa ya fita, ƙarfe nawa ya dawo. A kuma yi magana tun ranar ɗaukar aiki kan wanda zai biya tarar gudu, gaban shaida. Direba kuma ya tabbatar lasisinsa da katin LASDRI, cibiyar horar da direbobi ta jihar, wanda Legas ke nema daga masu tuƙin haya, ba su ƙare ba, lambar mota kuma a wanke take, ba a rufe ta da komai ba, domin rufe lamba laifi ne mai zaman kansa.