Yadda za ka kai yaronka kallon ƙwallo a filin Ƙofar Mata

Idan ka tare ɗan adaidaita sahu, kada ka ce masa "sitadiyam" ka yi shiru. Filaye biyu ne ke amsa wannan suna a bakin Kanawa: akwai na Sabon Gari, akwai kuma filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda Kano Pillars ke karɓar baƙi. Na taɓa yin wannan sakaci ina riƙe da hannun ɗana, muka tsinci kanmu a Sabon Gari, kafin mu komo har an take wasa, yaro kuwa ya cika ya yi fam. Ka ce Ƙofar Mata, a sauke ku wajen marina, ku ƙarasa a ƙafa. Mota kuwa ka bar ta a gida.

Tun kafin ka yi wa yaro alkawari, ka tabbatar a Kano za a buga wasan. Kada ka yi dariya. A 2020 an mayar da filin wurin killace masu cutar korona, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello na Kaduna. A 2022 kuma, bayan hatsaniyar da ta tashi a wasa da Katsina United, hukumar gasar ta zaftare wa ƙungiyar maki, ta kuma kore ta daga gida. Saboda haka ka saurari shirin wasanni a rediyo da safe, ko ka duba shafin ƙungiyar a Facebook.

Yawanci ƙarfe huɗu na yamma ake take wasa. Ni da yaro muna isa tun wajen biyu da rabi, lokacin da layin tikiti bai yi tsawo ba, ƙofa kuma ba ta fara matsewa ba. Ka yi alwala daga gida, ka naɗe ƙaramar sallaya ka riƙe, don La'asar a can za ta same ku. Ka tanadi canji a aljihu daban da wanda wayarka take. Tikiti a wurin da aka keɓe za ka saya; wanda ya tare ka a hanya yana cewa zai shigar da ku ta wata ƙofa, ka ce masa Allah ya ba da sa'a.

Sai maganar wurin zama, kuma a nan ne sababbin zuwa suke shan wuya. Da yamma rana tana yamma, to ka nemi inda za ta kasance a bayanka, ko ka ƙara kuɗi ku shiga ɓangaren da ke da rumfa. Wanda ya raina ranar Kano ya tambayi Super Eagles. A watan Yunin 2005 aka kawo wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya nan filin, Najeriya da Angola. Jay-Jay Okocha ya ci tun da wuri da bugun tazara, fili ya ɗauka, muka ce yau sai dai a ƙirga. Ina zaune a buɗaɗɗen ɓangare ran nan, hulata ta jiƙe sharkaf, ina kallon 'yan wasanmu da suka saba da sanyin Turai suna ta neman ruwa a bakin layi. Bayan hutun rabin lokaci Figueiredo na Angola ya farke. Aka tashi 1-1. Da aka kammala zagayen, makinmu ya zo ɗaya da na Angola, amma da yake sun ci mu a Luwanda, su suka tafi Jamus a 2006, mu muka kalla a talabijin. Har gobe akwai masu ɗora laifin a kan zafin Kano. Ni dai a ganina 'yan Angola ma ba a inuwa suka buga ba. Amma yaro ɗan shekara takwas ba Okocha ba ne, ka sa masa hula, ka saya masa ruwa tun kafin ya nema.

Wannan sa'a guda da kuke jira kafin 'yan wasa su fito, ita ce ta ba shi labari. Ka nuna masa tsakiyar fili ka ce a nan aka buga wasu wasannin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999. A 2000, da Najeriya da Ghana suka karɓi gasar cin kofin Afirka, Legas da Kano ne kaɗai biranen Najeriya da aka buga a cikinsu, kuma Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso sun taka wannan fili. A 2009 aka kawo gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Sannan ka gangaro kan masu gidan: an kafa Pillars a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ahmed Musa a wannan riga ya yi suna, ya ci ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Turai. Idan ka ji fili ya ɗauki "Pele! Pele!", ɗan wasan Pillars Rabi'u Ali ake nufi.

Akwai abin da ya kamata kai uba ka gane game da halin 'yan kallon nan. Pillars ta yi kusan shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 Nasarawa United ta zo ta karya lagon. Mutanen da suka girma a haka ba su saba ganin an ci su a Ƙofar Mata ba, kuma idan aka ce "Sai Masu Gida" da gaske ake yi. Don haka kada ka sa wa yaro rigar baƙi, ko da garin kakansa ne suka zo. Rigar Pillars ruwan ɗorawa ana sayar da ita a bakin ƙofa. Idan baƙi suka ci, ku yi shiru kamar kowa. Kada ku zauna a layin ƙasa kusa da wayar shinge, nan ne jifa ke sauka, nan ne kuma ake turereniya.

Ka riƙa sauraren filin kamar yadda kake kallon ƙwallon. Muddin ganga da kirari kake ji, lafiya lau. Da zarar sunan alƙalin wasa ya fi na 'yan wasa yawa a baki, ledar ruwa ta fara shawagi a sama, ka kama hannun yaro ku miƙe, ko da saura minti goma kuma ana kunnen doki. Zai yi kuka. Nawa ma ya yi, har ya ƙi cin abincin dare.

Filin ba na tamaula kaɗai ba ne. A nan aka miƙa wa Sarki Aminu Ado Bayero sandar girma a 2021, a nan aka rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayun 2023, 'yan siyasa kuma kan cika shi lokacin yaƙin neman zaɓe. Irin waɗannan ranaku ba na yara ba ne, cunkoson ya fi na ƙwallo. Idan yaron ƙarami ne sosai, ka fara kai shi rufaffen ɗakin wasanni da ke wajen, ya ga ƙwallon kwando a inuwa.

Idan an tashi lafiya, ko dai ku fita minti biyar kafin busan ƙarshe, ko ku zauna har matakala ta yi sauƙi. Tsaka-tsakin nan ne mai haɗari. Ka sa yaro a gabanka, hannunka a kafaɗarsa, waya a aljihun gaba. Ka rubuta lambarka a takarda ka sa masa a aljihu tun daga gida. Kada ka tsaya neman adaidaita a bakin ƙofa, ku taka zuwa wajen Kantin Kwari, a can za ku samu wanda bai cika ba, ku isa gida kafin a kira Isha'i.