Idan Tsohuwar Land Cruiser Ta Ƙi Ja Da Taya Huɗu

Ka saka ƙaramar giya a H4 (wato ja da taya huɗu), amma tayoyin baya kaɗai ke tonon yashi? Kafin ka kira bakanike, bi waɗannan matakai.

1. Sauka ka duba makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba. Dole duka biyun su kasance a LOCK. Idan ɗaya ya tsaya a FREE, gaban ba zai ja ba sam. Sau da yawa matsalar ke nan.

2. Idan giyar ta cije, kar ka yi mata ƙarfi. Yi ribas kaɗan, ka sake gwadawa. L4 (giyar ƙarfi ta taya huɗu) kuwa sai mota ta tsaya cak, ka taka kuloci.

3. Kashe inji, ja birkin hannu, sa dutse a taya. Bar giya a H4, makullai a FREE, ka shiga ƙarƙashi ka murɗa farfelar gaba (sandar da ke kai juyi daga ƙaramar giya zuwa tayoyin gaba) da hannu. In ta ƙi juyawa, giya ta kama. In tana juyawa sakaka, laifin na akwatin ƙaramar giyar ne ko sandarsa.

4. Mayar H2 (ja da tayoyin baya kaɗai), ka kulle makullan, ka ɗaga taya ɗaya ta gaba da jak, ka juya ta. Farfela ta bi? Lafiya. Ba ta bi ba, mai yiwuwa makullin wannan tayar ko na ɗayar bai kama ba. Kwance su, sau da yawa za ka tarar da tsohon giris ya daskare da ƙura kamar ƙuli-ƙuli. Wanke da kananzir, ka shafa sabo kaɗan. Cika makulli da giris shi ke hana sifirin motsi.

5. Gwada a kan ƙasa, ba kwalta ba.