Yadda Ake Ɗora Babbar Manhaja a Tsofaffin Kwamfutoci ta Wayar Sadarwa

Yawancin kwamfutocin da ke makarantu, ofisoshi da wuraren buga takardu a Maradi ƴan gwanjo ne, kuma lalurarsu kusan ɗaya ce: wurin saka faifai ya mutu saboda ƙura, wasu kuma ba sa yarda su tashi daga kile, wato filashin USB. Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, alhali Windows 11 na neman guntun tsaro na TPM 2.0 wanda waɗannan na'urori ba su da shi, mutane da dama sun ɗauka amfaninsu ya ƙare. A ganina bai ƙare ba, domin ana iya ɗora musu Linux, wata babbar manhaja da ke maye gurbin Windows, ta wayar sadarwa daga kwamfuta guda, ba tare da faifai ko kile ba.

Sunan dabarar PXE, kamfanin Intel ne ya tsara ta, kuma sigarta ta 2.1 ta fito a 1999, shi ya sa da wuya a sami kwamfutar ofis da ba ta san ta ba. Idan aka kunna na'urar, katin sadarwarta zai nemi adireshi ta DHCP, tsarin raba wa na'urori adireshi, a gaya masa inda ƙaramin fayil ɗin tashi yake, ya ɗauko shi ta TFTP, tsarin aika fayil mai sauƙi, daga nan fayil ɗin ya jawo manhajar ɗorawa zuwa cikin RAM. Wannan aiki na waya ne, Wi-Fi ba ya yin sa a tsofaffin na'urori, don haka sai an tanadi wayoyi da akwatin da ke haɗa su.

A zaɓi kwamfuta mafi lafiya ta zama saba, wato wadda sauran za su ɗauki manhaja daga gare ta, a ɗora mata Debian, wani nau'in Linux, a ba ta adireshin da ba ya canzawa, sannan a saka dnsmasq, manhajar da za ta amsa wa sauran kwamfutocin ta miƙa musu fayil ɗin tashi. A sauko da netboot.tar.gz daga rumbun Debian a warware shi cikin /srv/tftp. Idan akwai rawuta da ke raba adireshi, a bar ta da aikinta, domin masu raba adireshi biyu a layi ɗaya rikici kawai suke kawowa. Abin da za a rubuta a /etc/dnsmasq.conf shi ne:

port=0
dhcp-range=192.168.1.0,proxy
enable-tftp
tftp-root=/srv/tftp
pxe-service=x86PC,"Debian",pxelinux

A gyara lambar layi na biyu ta dace da ta wurin, a sake tayar da dnsmasq, a kuma tabbatar katangar tsaron sabar ba ta toshe ƙofofin UDP na 67, 69 da 4011 ba. Wannan tsari na masu tsohon BIOS ne, wato manhajar cikin na'ura da ke fara aiki da zarar an kunna ta. Masu UEFI, wanda ya gaji BIOS, wani fayil ɗin tashi suke buƙata.

Zaɓin siga na buƙatar kulawa. Debian 13, wadda ta fito a Agusta 2025, ba ta da manhajar ɗorawa ta na'urori masu bit 32, saboda haka irin waɗannan sai Debian 12, wadda tallafinta na dogon zango zai kai 2028. Jagoran Debian ya nuna cewa giga 1 na RAM ne mafi ƙaranci ga mai son fuskar tebur mai tagogi da gumaka, giga 2 kuma ya fi, kuma cikin nau'o'in fuskar, Xfce ko LXQt sun fi GNOME sauƙi ga tsohuwar na'ura.

Inda aka fi yin asara shi ne mega. Fayil ɗin netboot ƙarami ne, sauran manhajar kuwa daga intanet kowace kwamfuta ke sauko da ita, wato mai ɗaki cike da kwamfutoci zai biya kuɗin kaya iri ɗaya sau adadin na'urorinsa. Maganin wannan shi ne a saka apt-cacher-ng a sabar tun kafin a fara. Shi yana ajiye duk abin da kwamfutar farko ta sauko da shi, na bayanta kuma su ɗiba daga ajiyar da saurin waya. Lokacin da manhajar ɗorawa ta tambayi adireshin wakili (proxy), sai a rubuta http:// da adireshin sabar, a bi shi da :3142. Ina ba da shawarar a kammala na'ura ɗaya ita kaɗai tukuna, har ƙarshe, kafin a kunna sauran. Wanda ya tsallake wannan mataki a garinmu, inda ake sayen intanet da awo, ya zubar da rabin amfanin dabarar.

A ɓangaren tsohuwar kwamfutar, a shiga BIOS a kunna tashi ta katin sadarwa, domin sau da yawa a kashe yake zuwa. A yawancin Dell da Lenovo maɓallin F12 ne ke buɗe jerin hanyoyin tashi. Tun ana cikin BIOS a duba kwanan wata, saboda ƙaramin batirin CR2032 na babban allon cikin na'urar kan mutu da tsufa, agogo ya koma shekarun baya, kuma agogon da ya ɓace na iya sa tantance fayiloli ta gaza. A sauya batirin kawai. Katin da ba shi da PXE kuwa, ana iya tayar da shi da iPXE, ƙaramar manhaja mai yin aikin PXE, daga duk abin da na'urar ke iya karantawa.

Kafin a taɓa faifan ajiya a kwashe takardun mai kwamfutar, domin rabon faifai na shafe komai. A zaɓi lokacin Africa/Niamey, a kuma dubi madannan da ido: wanda ya fara da AZERTY na Faransanci ne, wanda ya fara da QWERTY kuma, kamar yawancin waɗanda ke shigowa ta Katsina da Kano, na Ingilishi ne. Kuskure a nan kan hana mutum shiga da kalmar sirrin da shi da kansa ya rubuta.

Saura wuta. A jona sabar da akwatin wayoyin a na'urar ajiye wuta, ko a yi sabar da kwamfutar tafi-da-gidanka mai batiri mai kyau. A watannin Afrilu da Mayu a yi aikin da safe, bayan an busa ƙurar fankokin, domin tsohuwar na'ura kan kashe kanta idan ta yi zafi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa, a sake tayar da kwamfutar ta PXE daga farko; abin da aka riga aka sauko da shi yana nan a ajiyar sabar.