Kana tunanin barin aikin kwansaltin tun kana sabon shiga? Ga yadda za ka auna lamarin

Wannan rubutun na ƙannena ne maza da mata da suka gama bautar ƙasa suka samu shiga irin kamfanonin nan masu ba manyan kamfanoni da gwamnatoci shawara, wato kwansaltin, su Deloitte, PwC, KPMG, EY ko McKinsey, a Legas ko Abuja. An yi shekara ɗaya ko biyu, a gida ana ganin wane ya haye, amma kai ka san sau nawa ƙarfe 11 na dare ta same ka kana gyara shafukan PowerPoint da za a nuna wa kwastoma da safe, har zuciyarka ta fara cewa anya kuwa wannan ce rayuwar. Ba laifi ba ne ka yi wannan tunanin, aikin dama haka aka gina shi, ana ɗaukar matasa da yawa a ƙasa, kaɗan ne ke kaiwa sama, sauran suna fita a hanya.

Abu na farko, ka tantance me kake gudu. Gajiya tana haɗa komai wuri ɗaya ta sa ka ga kamar aikin ne gaba ɗaya ka tsana, alhali wataƙila manaja ɗaya ne ya hana ka sakat, ko kwastoma ɗaya mai kira ranar Lahadi. Ka ɗauki takarda ka rubuta ayyukan da aka tura ka tun zuwanka, kowanne ka rubuta me ya yi ma daɗi, me ya ƙona ma rai. In ka ga duk ɓacin ran yana komawa kan mutum ɗaya ko aiki ɗaya, to maganinka a cikin gida yake, ka nemi a sauya ma aiki ko sashe, dama yawancin ayyukan nan 'yan watanni ne suke ƙarewa. In kuma ko a aikin da ya tafi lafiya, da manaja mai kirki, ba ka ji komai a ranka ba, kana ba da shawara kana tafiya kuma kana jin haushin ba kai za ka aiwatar ba, to wannan magana ce babba. Ka kuma dubi wanda ya girme ka da shekara biyar ko shida a ofis, yadda yake rayuwa, yaushe yake ganin iyalinsa, ka tambayi kanka tsakani da Allah ko kujerarsa kake so. Ni a ganina wannan tambayar ta fi duk wani lissafin albashi nauyi. Kuma don Allah ka karɓi hutunka na shekara ka yi barci sosai kafin ka yanke komai.

Sai lokaci. Akwai bambanci sosai tsakanin wanda ya fita a wata 9 da wanda ya cika shekara biyu ko ya samu ƙarin girma na farko, na biyun yana da abin nunawa. Ko tallafin karatu na Chevening zuwa Ingila sai da shekara biyu na aiki ake nema. In kana tsakiyar jarrabawar zama ƙwararren akanta ta ICAN ko ACCA, ka duba saura nawa, kuma ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta da kyau, don wasu wuraren in sun biya ma kuɗin jarrabawa ko horo akwai sharaɗin za ka zauna wani lokaci ko ka mayar da kuɗin. Banda ɗaya: in aikin ya fara taɓa lafiyarka, hawan jini, rashin barci, damuwar da ba ta sauka, to ka ga likita kuma kar ka tsaya jiran cika wata shekara biyu.

Yanzu ina za ka? "Na gaji" ba wurin zuwa ba ne. Kwansaltin yana sa mutum ya ɗanɗana komai, yau banki gobe kamfanin siminti jibi ma'aikatar lafiya, amma ranar intabiyu tambayar da za a yi ma ita ce me ka iya. Ka zauna ka fitar da abu biyu ko uku da hannunka ya faɗa a kai da gaske, lissafin kuɗi a Excel ne, haraji ne, binciken asusu ne, tafiyar da aiki ne, da misalin abin da ka yi da sakamakonsa. Daga nan ka nemo mutum uku ko huɗu da suka bar irin aikinka, shafin sada zumunta na ma'aikata, LinkedIn, cike yake da su, ka tambaye su yadda ranarsu take daga safe zuwa dare, da abin da suke kewa. Wanda ya koma banki ko kamfanin sadarwa irin MTN da Airtel ko masana'anta irin Dangote da BUA zai ce ma yana komawa gida da wuri wataƙila, amma ƙarin girma yana tafiya a hankali. Sababbin kamfanonin fasaha akwai koyo da sauri, akwai kuma yiwuwar kuɗin masu zuba jari su ƙare. Ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa da ake rububinsu, mun ga abin da ya faru a 2025 da Amurka ta tsayar da tallafin hukumarta ta raya ƙasashe, USAID, mutane da yawa suka wayi gari ba aiki. Masu cewa za su koma kasuwa ko noma kuwa, iya rubuta tsarin kasuwanci daban, zama a Kantin Kwari ko Dawanau ana bin ka bashi kana bin wasu daban, ka fara gwadawa da ƙaramin jari kana kan aikinka in dokar ofis ta yarda.

Maganar kuɗi kar ka kwatanta albashi da albashi kawai. Ka haɗa inshorar lafiya, alawus na tafiya, kuɗin ƙarshen shekara in akwai, da fansho, wanda a dokar 2014 ma'aikaci yana sa kashi 8 kamfani yana sa aƙalla kashi 10. Asusun fanshonka naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, kuma doka ta yarda ka ciri kashi 25 in ka yi wata huɗu ba aiki, amma kar ka gina shirinka a kan wannan. Tun cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗi ke narkewa, ga haya da ake biya ta shekara, ga kuɗin makarantar ƙanne da cefanen gida da wataƙila kai ne kake ɗauke da su. In za ka fita ba tare da wani aikin a hannu ba, ka tara abin da zai riƙe ka wata shida ko fiye. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, to ka tabbata ka sani.

Ka faɗa wa su Baba da Mama da wuri, da lissafinka a hannu, kar su ji a bakin wani. Ka yi istihara. 'Yan'uwa mata kuma, in maganar aure ko haihuwa ce ta taso da batun, ki fara tambaya ko akwai sashen da ba a yawan tafiye-tafiye da kuma tsarin hutun haihuwa, kar ki ajiye aikin da kike so a kan zato.

In ka yanke za ka tafi, kar ka miƙa takardar ajiye aiki sai sabuwar takardar ɗauka ta shigo hannunka a rubuce, alkawarin baki ba ya biyan haya. Ka duba notis ɗin da yarjejeniyarka ta ce ka bayar, ka duba ko akwai sharaɗi kan komawa wurin kwastoman da ka yi wa aiki, kar ka kwashi ko fayil ɗaya na kwastoma, ka miƙa aikinka tsaf ga wanda zai gaje ka. Manajanka ya fara ji daga bakinka kafin kowa a ofis, don shi ɗin ne sabon wurin za su iya kira su tambayi halinka.