Yadda ake haɗa iskar CO2 da epoksaid su zama roba a ɗakin gwaji

Iskar CO2 ba ta kama epoksaid (sinadari mai ƙaramin zobe na kabon biyu da oksijin ɗaya) da kanta, ko ka bar su tare wata guda. Sai an sa katalis, sinadari mai ɗauke da ƙarfe wanda zai buɗe zoben epoksaid, CO2 ta shiga, ya sake buɗe wani zoben, a haka sarƙar roba take tsawo. Shohei Inoue da abokan aikinsa a Japan ne suka fara nuna haka a 1969 da wani sinadarin tutiya, sai dai nasu yana da nawa ƙwarai.

Idan epoksaid ɗin da ake kira furofilin oksaid za ka yi aiki da shi, ni dai katalis ɗin kobalt-salen nake ba mai koyo shawara, tare da gishirin PPNCl a matsayin mataimaki. Yana aiki a zafin ɗaki, kuma sarƙarsa tana fita tsaf, CO2 ɗaya epoksaid ɗaya, har kusan kashi 43 cikin 100 na nauyin robar ya zama CO2 ne. Zink gulutaret, wani katalis na tutiya, ya fi araha, farin gari ne mai sauƙin haɗawa, amma yana son zafi wajen digiri 60 da matsi mai yawa. Ga saikuloheksin oksaid kuwa, wani epoksaid ɗin daban, katalis masu ƙarfe biyu, tutiya da magnisiyam, irin na rukunin Charlotte Williams a Ingila, suna aiki ko a matsin bar 1, wato kusan matsin iskar da muke ciki.

Amma abin da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne ruwa. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa ya sa sarƙoƙi su fito gajeru, ka buɗe tukunyar ƙarfe mai jure matsi da ake haɗin a cikinta ka tarar da abu mai danƙo maimakon roba. Saboda haka busar da epoksaid a kan kalsiyam haidiraid, ka tace shi ta hanyar turara a ƙarƙashin iskar naitirojin. Tukunyar ƙarfen ta kwana a tanda, ta huce babu iska a ciki. Wannan matakin kada ka yi masa gaggawa, don Allah. Ka kuma tuna furofilin oksaid yana tafasa a digiri 34, yana kama wuta nan take, shaƙarsa na iya jawo ciwon daji. A akwatin zuƙe hayaƙi kawai ake taɓa shi.

Bayan ka zuba komai ka rufe, cika tukunyar da CO2 ka sake ta, sau biyu ko uku, sannan ka kai matsin da kake so. Sa ido a kan zafi. Da ya hau, bakin sarƙar yakan juyo ya ciji kansa, ya yanke ƙaramin zobe, wato kabonet mai zobe, shi kuma kobalt ya rasa ƙarfinsa.

Idan an gama, sanyaya tukunyar, saki iskar a hankali, ka ɗebi kaɗan ka duba a na'urar IR, mai gane sinadari da hasken infrared, kafin ka wanke komai. A ma'aunin na'urar (cm⁻¹) roba tana bayyana wajen 1750, kabonet mai zobe kuma wajen 1800, nan za ka san gaskiyar aikinka. Sauran ka narkar da shi a dayikuloromitan, ka ɗiga shi cikin metanol mai ɗan asid. Robar za ta dunƙule fara, launin katalis ya tsaya a ruwan. Busar da ita ba tare da zafi ba, ka ajiye a wuri mai sanyi, domin ta furofilin tana fara laushi tun wajen digiri 35 zuwa 40.